Ɗakin Amarya a Bakin Iyaka: Jere da Biki Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci jeren ɗakin amarya da musayar kayan biki a garin Jibiya, jihar Katsina, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi ta ɓangaren Jamhuriyar Nijar. Manufarta ita ce ta nuna cewa jere dukiya ce ta mace, wadda take ajiyewa a gaban idon kowa, kuma a Jibiya darajar wannan dukiya tana hawa da sauka ne da halin da iyaka take ciki. An bi sauyin kayan jere daga ƙwarya zuwa kwano zuwa tangaran da katako, an duba yadda bambancin naira da sefa yake shiga cikin bashin biki, sannan an auna abin da rufe iyaka na 2019 da na 2023 suka yi wa hidimomin iyali.

1.0 Gabatarwa

Masu rubutu a kan Jibiya yawanci a bakin shingen iyaka na Magama suke tsayawa. Motocin kaya suke ƙirgawa, da buhunan shinkafar waje, da jarkokin fetur, da abin da kwastan suka kama. Ba a cika ƙarasawa cikin gari ba, balle a yi sallama a wuce zaure. Alhali kaso mai yawa na abin da ake tsallakowa da shi a cikin wani ɗaki yake sauka: atamfar lefe, taliyar gara, man girkin mai jego, bargon jariri. Abin da ke fita daga Nijeriya ma haka, kwanuka da robobi da katifa da gado, ƙarshensu ɗakin wata amarya ne a Ɗan Isa ko Madarumfa ko Maraɗi.

Tambayar da takardar ta sa a gaba guda ce: idan aka tsaya a ƙofar ɗakin matar aure a Jibiya, me ake iya karantawa game da iyakar da ke kusa da ita? Kafin a shiga amsa, ya kamata a bambanta kalmomi huɗu da ake yawan cuɗawa. Lefe daga ango yake zuwa, tufafi ne da kayan shafa. Kayan ɗaki daga iyayen amarya suke. Gara ita ma daga gidan amarya take, sai dai abinci ce. Jere kuwa sunan aikin shirya kayan ɗaki ne, kuma sunan abin da aka jera. Haka kalmar biki, wadda Katsinawa da Maraɗawa ke cewa buki, tana da fuska biyu: taron kansa, da gudummawar da mace ke kai wa 'yar'uwarta a taron. Ma'ana ta biyu ita ta fi shafar wannan nazari.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, shi ne tushen da ake komawa idan ana maganar ƙawance da biki a tsakanin matan Hausa. A ciki aka ga ƙa'idar ninkawa: abin da ƙawa ta kawo miki, ninkinsa za ki mayar mata ranar nata sha'anin. Sai dai Baba a ƙasar Kano da ta Zazzau ta rayu, babu iyakar ƙasa da ƙasa a cikin labarinta, kuma kuɗi ɗaya ita da ƙawayenta suke ƙirgawa.

Polly Hill (1969, 1972) ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, ta bayyana ɓoyayyar kasuwar da matan kulle ke ci daga cikin gidajensu ta hannun 'yan talla. Aikinta ya nuna inda uwa ke samun kuɗin tara wa ɗiyarta kaya. Guy Nicolas (1986) ya yi dogon nazari a kan kyauta da musaya a kwarin Maraɗi, yayin da Emmanuel Grégoire (1986) ya bi sawun alhazan Maraɗi da fataucinsu da Nijeriya. Grégoire ya nuna hanyar da kaya ke bi, amma manyan 'yan kasuwa maza ya duba, ba inda kayan ke ƙarewa ba.

Wadda ta fi kusantar batun ita ce Barbara Cooper (1995, 1997), a nazarinta na aure a Maraɗi daga farkon ƙarni na ashirin zuwa 1989. Ta nuna cewa kayan da dangin amarya ke fitarwa martani ne ga abin da ango ya kawo, shela ce cewa yarinyar nan 'yar gata ce, 'ya ce, ba sayen ta aka yi ba, kuma da wannan musaya mata ke gina mutunci da jama'a. Wannan takarda ta karɓi hujjar, ta kuma ɗora a kanta. William Miles (1994) shi kuma ya kwatanta ƙauyukan 'Yardaje da Yekuwa a yankin Daura, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar, ya nuna yadda mulkin Ingila da na Faransa suka bar Hausawa iri biyu. Abin da ya gani gaskiya ne a fagen mulki da makaranta da kulle. A fagen jere kuwa rabuwar ba ta yi zurfi haka ba, kamar yadda za a gani. Akwai kuma aikin Editha Platte (2004) a kan kwanuka da robobi a ɗakunan matan Barebari, wanda ya taimaka wajen kwatance. Littattafan al'ada na gida, irin su Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa, sun jero matakan aure tsaf, amma sun ɗauki al'adar tamkar abin da ba ya motsi.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyoyi uku. An karanta ayyukan da aka ambata. An halarci jere da kai amarya da suna a cikin Jibiya da Magama, aka yi lura da ido. An kuma tattauna da dattawan mata, da dillalai masu yawo gida-gida, da masu sayar da kwanuka, da kafintoci. Ɗakin matar aure ba wurin shigar kowa ba ne, don haka kasancewar mai binciken mace shi ya buɗe ƙofar. Ba a ambaci sunan kowa ba, domin abin da ke cikin ɗaki sirrin mai ɗaki ne. An ƙirƙiri keɓaɓɓun kalmomi biyu don sauƙaƙa bayani: “taskar bango”, wato kayan jere a matsayin ajiyar dukiya, da “bashin zumunci”, wato nauyin rama biki.

4.0 Jibiya da Iyakarta

Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma Jibiya kusan tsakiya take. Mutanen gefen biyu Katsinawa ne. Bayan jihadi ya ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mazauni a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiranta. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su suka ja layin da ya ratsa wannan ƙasa. Ruwan ma bai san da layin ba: gulbin da aka datse aka yi madatsar Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Jibiya mutum kusan 170,000.

Harshe ɗaya ne, karin ma ɗaya: ɗiya, tahi, hwara. Inda aka bambanta shi ne a kalmomin hukuma da kuɗi. Nan kwastan, can duwan. Nan makarantar boko, can lakwal. Nan naira, can dala da jika. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba tana juya wannan lissafi a ka, domin rabin danginta da shi suke ciniki.

5.0 Jere

5.1 Ranar Jere

Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, mata daga danginta kan tafi gidan ango da kaya. Uwar amarya ba ta zuwa, kunya ta hana; amaryar ma sai an kai ta za ta ga ɗakinta. Wadda ke jan ragama yawanci gwaggo ce ko ƙanwar uwa, kuma da ita dangin ango ke magana: “Gwaggo, ina za a sa wannan?” A wani jere da aka halarta a Magama, sai da aka share ɗakin aka shimfiɗa leda, kafinta ya ɗaura gado ya fita, sannan aka kwance ƙullin kwanuka. Kowane sai an goge shi da tsumma an ɗaga shi a haske an duba ko ya ɓantare. Wanda aka samu da tabo a baki, sai gwaggon ta juya tabon ya fuskanci bango. Ana ɗora su babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowane saiti da launinsa, har su kusa taɓa rufi. Matan gidan ango suna tsaye a bakin ƙofa suna guɗa, suna cewa Allah ya sa ɗakinta ne, amma idanunsu na ƙirga. Kafin magariba unguwa ta san saiti nawa aka kawo, da wanda uwa ta saya, da wanda kaka ta sauke daga nata bangon.

Wannan ƙirge yana da aiki. Shaida ce. Ranar da wani abu ya taso, akwai mata da yawa da za su iya cewa wannan da wannan da su ta zo.

5.2 Daga Ƙwarya zuwa Katako

Jeren da tsofaffi suka tashi suka gani na ƙwarya ne. Manyan ƙore farare da masu zane, a jere ko a rataye a ragaya, kowace da faifanta. Akushi, ludayi, tasoshin jan ƙarfe ga masu hali, adudu na ajiye tufafi, tabarmar kaba. Daɓen ɗakin ma aikin mata ne, a taru da madaɓi a buga ƙasa a yayyafa makuba har ta yi sulɓi. Kusan duk abin da ke ɗakin an san hannun da ya yi shi. Kalmar lefe kanta sunan kwandon kaba ne da ake zubo kayan a ciki kafin akwati ya ƙwace masa aiki ya bar masa suna.

Kuɗin gyaɗa su suka kawo kwano. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama amfanin sayarwa a ƙasar Katsina da Maraɗi baki ɗaya, kantunan Turawa suka cika da kwanukan fenti daga Turai, daga baya daga Hankon. A shekarun 1960 aka riƙa ƙera su a Nijeriya, a masana'antun Ikeja da na Kano. Daga nan hanyar kwano ta zama daga kudu zuwa arewa: Kano, Katsina, Jibiya, Maraɗi. Langa da fanteka da samira suka hau bango, ƙwarya ta sauko ta koma madafa, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara. Matakin da ake ciki yanzu shi ne na tangaran da kuloli a cikin kabad mai gilashi, da saitin gado da sif da madubi, da kujeru.

Sana'o'in hannu ba su mutu duka ba, matsayinsu ne ya sauya. Faifai da tabarma da tukunyar ƙasa da turmi har yau sai da su ake kai amarya, kuma da yawansu daga ƙauyukan arewacin iyaka, inda kaba ta fi yawa, suke zuwa kasuwar Jibiya. Sai dai yanzu kayan aiki ne, ba a ƙirga su idan ana faɗin abin da aka yi wa yarinya. Mai saƙar faifai tana nan, amma aikinta ya fita daga taska.

5.3 Taskar Bango

Me ya sa mace za ta tara kwanuka hamsin ba ta cin abinci a ko ɗaya? Amsar tana cikin tambayar. Kwanon da ba a taɓa zuba masa miya ba yana nan da kuɗinsa. Ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, ko damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, sai a aika a kira dillaliya. Za ta zo da lulluɓinta, a sauke saiti ɗaya daga can gefe inda giɓin ba zai fito ba, ta rufe shi da zane ta fita. Kafin kwana biyu kuɗi sun dawo, ta cire la'adarta. Ba a je banki ba, ba a nemi sa hannun kowa ba, kuma maƙwabta ba su ji ba.

Mallakar wannan kaya ba ta da shubuha. A mazhabar Malikiyya sadaki haƙƙin matar ne, kuma malaman mazhabar sun yi bayanin cewa da abin da ta karɓa take yi wa kanta kayan ɗaki gwargwadon al'ada. Al'adar Hausa ta ɗora nauyin a kan iyaye, suna ninka sadakin sau da yawa, amma ba ta taɓa mayar da kayan na miji ba. Ana ganin haka ƙarara idan aure ya yi tsami. Matar da ta yi yaji mayafinta kawai take ɗauka, jerenta na nan, kowa ya san biko zai dawo da ita. Ranar da aka ga danginta sun zo da mota kwasar kaya, ba a sake tambaya.

Taskar kuma tana gangarawa daga uwa zuwa ɗiya. Tun yarinya na talla uwarta ke sayen kwano ɗai-ɗai da ribar ƙuli-ƙuli ko fura ko kwasar adashi, tana turawa ƙarƙashin gado. Idan lokaci ya yi bai isa ba, sai ta sauke nata. Shi ya sa ɗakin dattijuwa yakan zama fayau, ƙusoshi kawai a bango da inuwar inda kwanuka suka taɓa zama. Baƙo zai ɗauka talauci ne. 'Yan gari sun san 'ya'ya mata ta aurar.

A nan ne sauyin da aka bayyana a 5.2 yake da illar da ba a cika lura da ita ba. Kwano yana jure ajiya, yana rabuwa saiti-saiti, kuma ana sayensa a kowane gefen iyaka. Saitin gado na matsattsen garin katako kuwa, ranar da aka ɗaura shi ya fara faɗuwa. Danshi na kumbura shi, kwancewa ɗaya ko biyu ta gama da shi, ba kuma a sayar da rabinsa. Tangaran na fashewa, yayinsa na wucewa. Wato iyaye suna kashe fiye da abin da ake kashewa a da, amma abin da ke zama ajiya a hannun yarinyar ya ragu. Wasu iyaye mata sun gane haka, shi ya sa suke karkata wani kaso zuwa ɗan kunnen zinari, ko keken ɗinki, ko jar akuya irin ta Maraɗi da za a bar wa dangi a ƙauye su yi kiwo.

6.0 Bashin Zumunci a Kuɗi Biyu

Hidimar iyali a Jibiya ba ta cika sai an tsallaka. Amarya 'yar Magama, ango ɗan Ɗan Isa. Ko mai ciki na fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙasar Madarumfa, ta yi wankan jegonta na kwana arba'in da kunun kanwa a can, a yanka ragon suna a nan. Goron gayyata yana bin dangi ne, ba ya tambayar takardar ɗan ƙasa.

Ranar suna ko wunin biki, mai sha'ani kan zaunar da wata yarinya mai karatu kusa da ita da littafin rubutu. Duk wadda ta shigo ta ce barka, ta miƙa abin da ta zo da shi, a rubuta: wance turmin atamfa, wance sabulu da omo, wance naira kaza, Inna ta Maraɗi jika kaza. Littafin nan a ƙasan akwati yake kwana, domin shi ne kundin bashi. Ƙa'idar ninkawa da Baba ta Karo ta bayyana tana nan, ko da yake an sassauta ta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a mayar da ƙasa da abin da aka karɓa.

To, da wane kuɗi ake auna “ƙasa”? A 2019 jika ɗaya tana wajen naira 600. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, jika ta haura naira 2,000 a cikin 2024. A ɗauka wata a Jibiya ta karɓi jika 5 daga 'yar'uwarta ta Nijar a 2019, wato kimanin naira 3,000. Idan sha'anin waccan ya tashi a 2024, ramawa daidai wa daida ta haura naira 10,000, ninkawa kuma ta haura 20,000, alhali ribar sana'arta ba ta ninka haka ba. Wannan ba sabon abu ba ne, juyawa ce kawai ya yi. A Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, matan can ne suka wayi gari bashin da ke kansu na naira ya yi nauyi.

Mafitar da mata suka samo ita ce fita daga kuɗi a koma kaya. Ta Jibiya za ta kai abin da ya fi araha a gefenta ya kuma fi daraja a can, kamar robobi ko kula ko kwano. Ta Maraɗi za ta zo da taliya ko man girki ko atamfar da ta biyo ta tashar ruwa. Turmi ya rama turmi, ba wanda zai tsaya lissafin canji. Da haka bambancin farashin da ɗan fito ke ci da shi a kan babur, ita ma mai biki take rufa wa kanta asiri da shi.

7.0 Shekarun Rufe Iyaka

A Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe huɗu a Disamban 2020, ciki har da Illela da Maigatari, amma Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ko bayan an buɗe, Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kayan da a da ke zuwa Maraɗi daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tsadar hanya ta hau kansu. A tsakanin waɗannan kuma, a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina ta fitar da dokar daƙile 'yan bindiga, wadda ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Jibiya. A Satumba aka katse layukan waya.

Ba a daina aure ba, ba a daina suna ba, matakan ma ba wanda aka soke. Abubuwa uku ne suka motsa. Na farko kaya: gara ta ragu, shinkafar gida ta maye gurbin ta waje, akwatunan lefe suka yi ƙasa. Na biyu hanya. Mutum da ƙullinsa yana iya bin hanyar daji a kan babur, amma gado da sif ba sa bin burtali. Don haka iyayen da za su kai ɗiya tsallake suka koma aika kuɗi a yi kayan katako a can, ko a kai amarya da katifa da kwanuka, sauran “sai an buɗe”. Na uku mahalarta. Tsohuwar da ba ta iya zaman babur cikin yashi, ita ce ta fara ɓacewa daga taro, kuma ita ce gwaggon da ke jagorantar jere, ita ta san wa ake bi wa ke bi. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Da aka ɗaure ƙafar, saƙon kuɗi ya isa, amma shaidar ido ba ta isa ba.

Rashin tsaro ya ƙara nasa. Kai amarya da aka saba yi bayan isha'i ya dawo da rana tsaka, kwanan biki ya taƙaita, kuma a watannin da aka hana cinikin dabbobi ragon suna sai a cikin gida ake neman sa, daga hannun matan da ke kiwo. Ga iyalan da suka baro ƙauyukansu suka shigo Jibiya ko suka tsallaka jihar Maraɗi, jere shi ne abin da aka fara bari a baya, domin mai gudun rai da goyo ba ta ɗaukar fanteka.

8.0 Batun Rage Kayan Aure da Ƙididdigar Asara

An daɗe ana kira a kan mumbari da gidajen rediyo cewa a rage tsadar aure, kuma kiran yana da hujja: iyaye na cin bashi, 'yan mata na daɗewa a gida saboda ba a haɗa kayan ɗaki ba. Shirin aurar da zawarawa da Hukumar Hisba ta Kano ta fara a 2012, wanda ya kai ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, ya tabbatar da inda cikas ɗin yake, tunda gado da katifa da ɗan jari gwamnati ke bayarwa. Amma nazarin nan yana nuna cewa kuskure ne a zuba lefe da anko da kayan ɗaki a ƙwarya ɗaya a kira su almubazzaranci. Anko da ɗakin taro kuɗi ne da ke ƙonewa a wuni guda. Kayan ɗaki kuwa su ne kusan dukiya ɗaya tilo da yarinyar ƙauye ke shiga aure da ita da sunanta. Idan aka soke su ba tare da an sa wani abu a madadinsu ba, an sauƙaƙa wa uba da ango, an kuma tura ta gidan miji hannu rabbana. Tambayar da ta fi dacewa a yi wa iyaye ita ce wane irin kaya, ba guda nawa ba: wanda za a iya sayarwa bayan shekara biyar, wanda za a iya rabawa, wanda zai iya haihuwa.

Wannan fahimta tana da amfani a wajen masu ba da agaji ma. A Yulin 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya cikin dare, ta kashe fiye da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A irin wannan hali ƙididdigar asara kan tsaya a kan gini da gona da dabba, kuma da sunan maigida ake rubutawa. Gidan da ya faɗi kuwa ɗakuna ne, kowane ɗaki da mai shi, kowace da abin da uwarta ta shekara goma tana tarawa. Takardar tana ba da shawarar cewa a takardun ƙididdigar asara, na ambaliya ne ko na hari, a buɗe gurbi na kayan ɗaki, a rubuta shi da sunan matar, a kuma karɓi shaidar matan da suka halarci jerenta.